Zuwa Garwa da Kyamara

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Zariya, ba abin da ke raina kamar tafiye-tafiye da ɗaukar hoton gine-gine. Na ɗauki hasumiyar Gobarau a Katsina, na ɗauki Gidan Makama a Kano. Yanzu Garwa ta Kamaru nake hari. Akwai abin da ya kai in kashe kuɗin mota dominsa?

Amsa: Akwai, amma ka ɗauki Garwa a matsayin masauki, domin mafi kyawun abin da kake nema yana wajen gari.

Garwa tana bakin kogin Binuwai, wanda ya ratsa Yola. Nan aka haifi Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, a 1924, kuma a zamaninsa garin ya samu manyan gine-ginen siminti, irin su filin wasa na Roumdé Adjia, inda Super Eagles suka buga wasanninsu na gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022. Ka je Babban Masallaci, ka je ƙofar fadar Lamiɗo ranar Juma'a, lokacin da dawakai da 'yan algaita ke cika wurin. Kwana biyu sun ishe ka. Fulatanci ne harshen gari, amma Hausarka za ta ci da kai a kasuwa.

Daga nan sai Rai Buba, kudu maso gabas, masarautar da Buba Njidda ya kafa a 1804. Katangar fadar ta ƙasa ce, tsayinta kusan mita 7, doguwa har ta gaji ido. Ba a shiga da ka. Ka yi sallama, ka nemi iso wurin dogarai, kyamara tana cikin jaka har sai an ce bismilla. In an ce nan ban da hoto, to ban da hoto.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakunan ƙabilar Musgum a Pouss, bakin kogin Logone, gabas da garin Marwa. Kai da ka saba da ginin Hausa za ka nemi tubali ka rasa, ka nemi azara ka rasa. Laka ce zalla ake ɗorawa da hannu, gindi da kauri, tana sirancewa har ɗakin ya haɗe a sama kamar ƙwai, wani ya kai mita 9. Zanen da ke jikinsa ba ado kaɗai ba ne: shi ke raba ruwan sama, shi ne kuma matakalar da magini ke takawa in zai yi yaɓe. Marubucin Faransa André Gide ya gan su a 1926 ya yaba. Yau kaɗan suka rage, kwano da bulo sun ci sauran.

Ga inda masu koyon hoto ke faɗuwa. Ginin ƙasa da tsakar rana ba ya nuna komai, sai ka ga bango kamar allon da aka wanke. Ka jira hantsi ko bayan la'asar, ka tsaya yadda rana za ta bugi bangon daga gefe, kowane zane ya fito da inuwarsa. Ka sa mutum a bakin ƙofa, da yardarsa, don mai kallo ya gane tsayin.

Ka tafi a watan Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba. Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, da damina kuwa hanyar Rai Buba kan gagari mota. Kada ka ɗaga kyamara wajen bariki, filin jirgi, gada ko shingen jandarmomi. Yankin Marwa kuma ya sha fama da Boko Haram, don haka kafin ka nufi Pouss ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon, ka canza nairarka zuwa sefa tun a Garwa.