Idan mai bin bashi ya fara kiran surukanka

Wani masunci daga Wara ya aiko mini da kokensa. Ya ci bashi a wata manhajar waya don gyaran injin jirgi, kamun kifi ya ja baya, ya makara da biya. Yanzu ana kiransa dare da rana, an tura wa surukinsa a Yelwa hotonsa an ce ɓarawo ne, an kuma ce 'yan sanda na tafe.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka kan batun kamu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don bashi kawai, sashe na 36 kuma ya hana a kama ɗanka ko matarka a madadinka. Matuƙar babu zamba a ciki, kotu ce hanyar mai bin bashi.

Saƙon da aka tura wa surukinka shi ya fi yi mini ciwo. A bakin ruwan nan, daga Shanga zuwa Ngaski, da mutunci ake samun taru bashi, da shi dillali ke ba ka kuɗi kafin kifi ya zo. Wanda ya ɓata maka suna ya taɓa abincinka. Doka ba ta ba shi wannan dama ba: a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Loan tarar naira miliyan 10 kan irin wannan aika-aika, a 2023 kuma aka kafa dokar kare bayanan jama'a.

Kada ka goge komai. Ajiye saƙonnin, rubuta rana da lokacin kowane kira, ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Shiga saitin wayarka ka hana manhajar ganin lambobin mutanenka. Lambar sirrin katinka kuwa, ko lambar da banki ya turo maka, kada ka faɗa wa kowa.

Bashin dai yana wuyanka. Nemi su rubuto maka uwar kuɗi da ruwan da suka ɗora, ka yanka musu abin da za ka iya biya duk ranar kasuwa, ka biya ta asusun kamfani, ka adana rasit. Ina roƙonka, kada ka ci bashin wata manhaja don toshe wannan.

Surukinka kuma, taka ka je Yelwa da kanka, ka nuna masa saƙonnin da rasit ɗin biyan farko.