Na'urar Cajin Batirin Mota: Aikinta da Kula da Ita

A garuruwa irin su Yalwan Damai, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, batirin mota ba tayar da inji kaɗai yake yi ba. Da shi ake kunna fitila, a yi cajin waya. Don haka sanin yadda ake yi masa caji ilimi ne mai amfani ga kowane ɗalibi.

Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro wannan nau'in batir a 1859. Cikinsa akwai ɗakuna 6, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1, jimilla bolt 12.6 in ya cika. A kowane ɗaki akwai faranta na darma da aka tsoma cikin ruwan batir, wato asid gauraye da ruwa. Yayin da batir ke aiki, asid yana haɗuwa da darma, wani farin gishiri ya lulluɓe farantan. Aikin caja shi ne ta rage ƙarfin wutar gida daga bolt 230 zuwa kimanin 14, ta sa ta gudana ta fuska ɗaya, ta tura ta cikin batir, gishirin ya narke, asid ya dawo. In aka bar batir babu caji tsawon makonni, gishirin yakan ƙanƙare, batir ya mutu.

Ga ƙa'idojin aiki. A maƙala jar waya a kan da ke da alamar +, baƙa a mai alamar −, kafin a kunna caja. In an gama, a kashe ta kafin a cire wayoyi. Kada ƙarfin caji ya wuce kashi ɗaya cikin goma na girman batir: mai lamba 60 yana son amfiya 6. Gaggawa na zafafa batir, ta ƙafar da ruwansa, musamman a bazara. In ruwan ya ragu, a ƙara tataccen ruwa kawai, domin na rijiya yana ɗauke da gishirin ƙasa mai ɓata faranta. Caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda kashi 4 cikin 100 nata a iska ya isa ta kama da wuta. Saboda haka a yi shi inda iska ke shiga, nesa da sigari da murhu.

Ita caja, a ajiye ta a busasshen wuri, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ƙofofin da take shan iska, a sauya wayar da ta saɓule. Jiƙaƙƙiyar kanwa tana wanke farin garin da ke taruwa a kan batir, amma kada ta shiga ciki.

Babban abin lura shi ne lafiya. Darma guba ce mai lahanta ƙwaƙwalwar yara, ta kuma hana jiki yin jini. Tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu a Thiaroye, wajen Dakar ta Senegal, sakamakon gubar darma daga tsofaffin batura da ake fasawa a unguwarsu. Kada a fasa mataccen batir a gida, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, kuma a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Rigakafi ya fi magani.