Yaron da ba ya amsa kira: abin da bincike ya gano

Akwai yaron da zai kai shekara 2 ko 3 bai fara magana ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya son haɗa ido da mutane. Ya fi son wasa shi kaɗai, yana maimaita abu guda. Likitoci suna kiran wannan hali otizim. Ba aikin iskoki ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Da shi ake haihuwar yaro. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi.

Har yanzu babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da otizim. To, mi ke taimako? Masana sun yi gwaji domin su gano.

Gwajin Ingila

A shekarar 2010 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi da yara 152, ƴan shekara 2 zuwa 4. An raba su kashi biyu. An koya wa iyayen kashi ɗaya wata hanyar wasa da ɗansu. Ana ɗaukar hoton bidiyo suna wasa, sa'an nan su kalla tare da malami, su ga inda yaro ya yi masu alama ba su lura ba. A gida kuma suna yin wasan minti 20 zuwa 30 kowace rana, har shekara guda.

A 2016 aka fitar da sakamakon sake duba yaran. Cikin waɗanda aka koya wa iyayensu, kashi 46 cikin 100 ne halin ya yi wa tsanani. Cikin sauran kuwa, kashi 63 ne. Yaran ba su warke ba, kuma ba su fi sauran iya magana ba, amma sun fi neman hulɗa da iyayensu.

Gwajin Indiya da Pakistan

An gwada wannan hanya da yara 65 a ƙasashen nan biyu. Ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba ne suka koya wa iyaye. Nan ma yara sun ƙara neman hulɗa. Ashe hanyar tana yiwuwa ko inda babu babban likita.

Wasu iyaye suna hana yaro madara da abincin alkama. Bincike bai tabbatar da amfanin haka ba, kuma yana iya rage wa yaro abinci mai gina jiki.

Abin da za ku yi a gida

1. Ku zauna ƙasa, fuska da fuska da yaro.
2. Ku bi wasan da ya zaɓa. In ƙwarya ya ɗauka, ku ce: «ƙwarya».
3. Ku dakata, ku ba shi lokaci ya amsa, ko da da ido ne.
4. Kada ku buge shi, kada ku ɗaure shi.
5. Ku kai shi gidan likita a duba kunnensa. In yana farfaɗiya, ita tana da magani.

Iyaye, aikin na son haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

Waɗanne alamomi ne ke nuna otizim?
Minti nawa iyayen Ingila ke wasa da ɗansu kowace rana?