Man Shafawa Na Iya Warkar Da Sankarar Fata?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ne ya aiko da wannan tambaya. To malam, akwai irin wannan man, amma da sharaɗi. Tun 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da imiquimod, mai zaburar da garkuwar jiki, don wani nau'in sankarar da ke saman fata kawai. A Jami'ar Stanford an gwada wani, remetinostat, ƙurajen wasu suka motse, sai dai har yanzu gwaji ne. In ciwon ya yi saiwa kuwa, yawanci sai tiyata.

'Yan'uwanmu zabiya, da rana ke ƙona wa kunne da wuya, in gyambo ya ƙi warkewa, kada a shafa komai, a garzaya asibiti.