Amsoshin Tambayoyinku: Ƙara wa Motar Rimot Gudu

Wani matashi daga unguwar Mabera a birnin Sakkwato yana tambaya: yaya zai ƙara wa motarsa ta wasa mai rimot gudu?

To ɗan'uwa, abu biyu ne: giya da taya. Ƙaramar giyar nan ta bakin inji, sauya ta da mai ƙarin haƙori ɗaya ko biyu. Gudu zai ƙaru, ƙarfin tashi zai ragu. Babbar taya ma haka take yi. Sai dai inji zai riƙa ɗaukar zafi, balle a bazarar Sakkwato. Bayan 'yan mintoci ka taɓa shi. In yatsa ya kasa jurewa, mayar da tsohuwar giya. Batun taya kuwa, a kwalta sa mai ƙaramin zane. Cikin yashi, mai zurfin zane.