Darasi Daga Rawar Ɗaliban Pensilbaniya: Yadda Ake Tara Kuɗin Jinyar Yara

Ya ku 'yan kasuwa da iyayen yara, kun san cewa doguwar jinya takan cinye jarin gida tun kafin majinyaci ya miƙe. Ga labarin yadda wasu ɗalibai a Amurka suka rage wa iyaye wannan nauyi, ku duba abin da zai amfane ku a ciki.

Mafarin abin

A shekarar 1973 ɗaliban Jami'ar Jihar Pensilbaniya suka shirya gasar rawa ta awa 30, suka tara dala dubu 2 da 'yan kai. Daga 1977 suka tsayar da cewa abin da aka samu zai riƙa tafiya asusu guda mai suna Four Diamonds, na asibitin yara da ke garin Hershey. Charles Millard da matarsa Irma ne suka kafa asusun a 1972, bayan ciwon daji ya yi ajalin ɗansu Christopher yana ɗan shekara 14.

A yau ana kiran taron THON. Kowane watan Fabrairu ɗaruruwan ɗalibai kan yi awa 46 a tsaye, ba zama ba barci. A 2023 kaɗai sun tara fiye da dala miliyan 15. Da kuɗin ake biyan abin da inshora ba ta ɗauka ba na jinyar yara masu ciwon daji, ana kuma tallafa wa bincike.

Abubuwa uku da suka riƙe shi

Na farko, ɗaliban kan shafe watanni suna neman taimako a wurin dangi, maƙwabta da kamfanoni; ranar rawa rufe taro ce kawai. Wanda ya taɓa zubin adashe ya san yadda kaɗan-kaɗan ke zama jari.

Na biyu, kowa ya san inda kuɗin za shi tun kafin ya sa hannu a aljihu.

Na uku, ana bayyana jimillar a gaban jama'a idan an tashi, har da 'yan canjin da ke kai. Amana kan ɗore ne inda lissafi yake a fili.

Me ya shafe ku?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su kai kashi 30 ba. Cikin dalilan akwai jinkirin zuwa asibiti da kuma katse magani saboda kuɗi sun ƙare. Iyalin da suka tsallaka iyaka neman magani ga su da kuɗin mota, ga masauki, ga canjin naira da sefa.

Ba lallai sai rawa ba. Makarantar unguwarku na iya shirya musabaƙa, wasan kwaikwayo, langa ko tsere. Ƙungiyar kasuwa ta naɗa amintattu uku, a rubuta kowace gudummawa a littafi, a biya kuɗin kai tsaye a asibiti a karɓi rasit, sannan a karanta lissafi a bainar jama'a. Ranar 15 ga Fabrairu, wadda duniya ta ware domin yara masu ciwon daji, ta dace da irin wannan taro.

Kafin nan, ku lura da yaranku. Kumburin muƙamuƙi ko na ciki mai saurin girma, farin ɗigo a ƙwayar ido, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ɗashewar jiki ko yawan haɓo, duk alamu ne da ke buƙatar ganin likita ba tare da ɓata lokaci ba.