Darasin wannan makon: Dutsen Basile da ke tsakiyar teku

Iyaye da yara, kafin mu fara, ku dubi duwatsun Mandara da muke gani kullum daga nan sansani. Duwatsun nan suna da ɗan'uwa can kudu, a cikin teku, kuma shi za mu karanta yau.

Sunansa Basile. Yana kan tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Tsayinsa mita 3,011, ba dutsen da ya kai shi a duk ƙasar. Aman wuta ne ya gina shi, ya kuma gina tsibirin baki ɗaya. Rabonsa da amai tun 1923. Masana sun nuna cewa layin duwatsu guda ne ya taso daga teku, ya bi ta Biyoko da Dutsen Kamaru, ya miƙo arewa har Kafsiki da tudun Biu. Ke nan wanda ya taso a Gwoza ba baƙon wannan layi ba ne.

A gindin dutsen ta arewa birnin Malabo yake. Sama da shi kaɗan akwai ƙauyen Basile, inda Turawan Sifen suka zauna don gudun zafin bakin teku. Rebola da Bane garuruwan Bubi ne, mutanen da suka riga kowa zama a tsibirin. Hanyar mota ta hau har ƙololuwa, inda aka kafa turakun rediyo da talabijin. A ƙarshen kudu kuwa akwai ƙauyen Ureka, wanda ruwan saman da yake samu a shekara ya ninka na Marwa fiye da sau goma. Mu da muke ƙirga kwanakin damina, abin da wuyar yarda.

Ƙasar da aman wuta ya bari tana da albarka, koko ya karɓe ta sosai. Shi ya sa a zamanin mulkin Sifen, lokacin ana kiran tsibirin Fanando Po, aka riƙa ɗibo leburori daga Najeriya, galibi 'yan kudu maso gabas. Bayan samun 'yanci a 1968, mulkin Masiyas Ngema ya tsananta, aka riƙa cin zarafin ma'aikata ana hana su haƙƙinsu. A 1975 da 1976 Najeriya ta kwashe dubban mutanenta ta jirgin ruwa da na sama. Wasunsu a can aka haife su, ba su taɓa ganin gidan da aka ce za a mayar da su ba. Wannan ɓangaren ba sai mun yi muku dogon bayani ba. Akwai yaranmu a nan da haka labarinsu yake.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zana taswira, ya ja layi daga Biyoko zuwa Mokolo, ya sa sunan garinsu a inda ya dace. Wanda bai san inda garinsu yake ba ya tambayi mahaifiyarsa ko kakarsa, ya kawo wa malam ranar Litinin.